Muhawara: Dabarun kama kifin sitilhed a koguna da rafuffuka

Ɗan Yauri (Kilibilan, Ohayo):
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ta Amurka suna fita kamun kifi. A gidan masunta aka haife ni a bakin Kogin Kwara, amma abin da na tashi na sani shi ne taru da birgi da kwale-kwale, su da fatsa ɗaya a cikin ruwan sanyi kuwa wani ilimi ne dabam. Yanzu ina zaune kusa da kogin Rocky, kuma tun daga watan Oktoba nake ganin mutane sanye da wandon roba mai kaiwa ƙirji suna tsaye a cikin ruwa suna neman sitilhed. Na yanki lasin, na sayi doguwar fatsa, amma kafin in ci gaba da kashe kuɗi a kan kaya ina roƙon ku yi mini bayanin ranar da ta dace mutum ya fita, da wurin da ya kamata ya jefa ƙugiyarsa, da irin koton da kifin yake karɓa.

Alhaji Mai Fatsa (Mishigan):
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta uku ita ce mutane suka fi ɗokin amsawa, amma ita ce mafi ƙarancin muhimmanci, don haka zan fara da halin kifin kansa. Sitilhed ɗan gidan kifin salmon ne, kuma asalinsa kogunan da ke zuba a tekun Fasifik, daga Kalifoniya zuwa Alaska har yankin Kamchatka na Rasha. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku a can, sannan ya gangara teku ya yi ƙiba, ya dawo kogin da ya fito domin ya saka ƙwai. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kawo shi Manyan Tafkunan Arewacin Amurka, shi ya sa namu na nan tafki ne ya zame musu teku. Bambancinsa da salmon na Fasifik shi ne ba lallai ne ya mutu bayan ya saka ƙwai ba, yana iya komawa tafki ya sake dawowa wata shekarar.

Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne kifin da kake nema matafiyi ne, ba mazaunin kogin ba ne. Idan aka yi ruwan sama kogi ya kawo, sai ya shigo daga tafki ya yi ta hawa, idan ruwa ya fara janyewa kuma sai ya nemi wurin hutawa ya tsaya. Ranar da kogi yake hawa yana ɗauke da laka da ganye, kifin yana tafiya kuma ba ya ganin abin da ka jefa masa. Ranar da ruwa ya ƙafe ya yi garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa, shi ma yana ganinka, kuma a tsorace yake. Ranarka tana tsakanin waɗannan biyun, lokacin da ruwa yake sauka, launinsa ya bar ja ya koma kore-kore, idan ka tsaya a cikinsa har gwiwa kana hango takalminka dishi-dishi. Wanda ya fita a irin wannan rana da koto maras kyau zai fi wanda ya fita da mafi kyawun koto a ranar da ba ta dace ba.

Game da wuri kuwa, ka nemi ruwan da yake gudu daidai da tafiyar mutum a ƙasa, mai zurfin ƙafa 3 zuwa 6. Ka lura da layin da ruwa mai gudu yake haɗuwa da ruwa mai natsuwa, sau da yawa kumfa da ƙananan ganyaye suna bin wannan layi, kuma a ƙarƙashinsa kifin yake kwanciya, jikinsa a ruwan sauƙi, bakinsa kusa da inda abinci yake wucewa. Bayan babban dutse, ƙasan itacen da ya faɗi, da wutsiyar gurbi inda ruwa yake fara raguwa kafin ya faɗa gangare, duk masauƙansa ne.

Baban Hauwa (Ohayo):
Alhaji ya gama magana a kan tushe, ni zan ƙara abin da ya shafi kogunanmu na kudancin Tafkin Erie, tunda a nan Ɗan Yauri zai yi su. Ƙasan yawancin kogunan nan shimfiɗaɗɗen dutse ne mai ɓarewa falle-falle, ruwan sama ba ya nutsewa a cikinsa, saboda haka kogi yana kawowa da sauri kuma yana sauka da sauri. Amma kowanne da lokacinsa. Rocky da Chagrin sukan gyaru cikin kwana biyu zuwa uku bayan ruwa mai yawa, Grand kuwa saboda girmansa yakan ɗauki mako guda ko fiye, ƙananan rafuffuka kuma wani lokaci washegari sun yi daidai. Ma'anar wannan ita ce bayan ruwan sama guda ɗaya kana da kwanaki da yawa na su, muddin ka fara da ƙananan ruwaye ka ƙare da manya.

Ba sai ka tuƙa mota ka je ka duba ba. Hukumar USGS, mai binciken ƙasa da ruwa a Amurka, tana da ma'aunai a kan waɗannan koguna, kuma tana nuna yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa a intanet kyauta. Ni dai a Rocky na fi samun nasara idan ma'aunin yana tsakanin 150 da 300 kuma yana sauka. Duk ranar da ka fita ka rubuta lambar da ka gani da launin ruwan da ka tarar, kafin kaka biyu ka haddace kogin.

Hanyar da na fi ba sabon shiga shawara ita ce ta ɗan gora, wato abin da ke yawo a saman ruwa yana riƙe da koto a ƙasa. Ka ɗaura ɗan goran a zare, ka jera ƙwayoyin dalma a ƙarƙashinsa, manya a sama, ƙanana a ƙasa, sannan ka ƙulla siririn zaren da ba ya nunawa a ruwa mai ɗaukar nauyin laba 6 zuwa 8, tsawon ƙafa 2, ƙugiya a ƙarshensa. Koton da aka fi amfani da shi ƙwan kifi ne da ake ƙullewa a ɗan yankin raga, ko ƙugiya mai kan dalma da gashin tsuntsu wadda ake soka wa tsutsa biyu ko uku, ko ƙaramin kifi mai sheƙi irin wanda sitilhed ya saba ci a tafki.

Ɗan Yauri (Kilibilan, Ohayo):
Na gode, Alhaji, na gode, Yaya. Allah ya ƙara sani. Yaya, ta yaya zan gane cewa koton ya kai zurfin da ake so, alhali ba na ganin ƙasan ruwa? Kuma na lura wasu suna ɗaga fatsarsu sama sosai yayin da ɗan goran yake tafiya, ko akwai dalilin hakan?

Baban Hauwa (Ohayo):
Ka riƙa ƙara tsawon zaren da ke ƙasan ɗan goran kaɗan-kaɗan har sai ka ga yana tuntuɓe, kansa yana sunkuyawa gaba, alamar ƙugiya tana taɓa ƙasa ke nan, sai ka rage kamar taƙi guda. Sitilhed a ƙasa yake kwanciya, kuma a ruwan sanyi ba zai taso ya bi abin da ya wuce ƙafa biyu a saman kansa ba. Ɗaga fatsa kuwa domin a raba zare da saman ruwa ne. Ruwan da ke saman kogi ya fi na ƙasa gudu, idan zarenka ya kwanta a kai zai ja ɗan goran, shi kuma ya ja koton ya wuce gaban kifin da saurin da babu wani abinci na gaskiya da ke yin irinsa. Abin da kake so shi ne ɗan goran ya tsaya ƙyam, ko ya ɗan karkata baya, yana tafiya da saurin da bai kai na kumfar da ke gefensa ba. Duk sanda ya nutse, ko ya tsaya, ko ya kauce gefe, ka fizga, kada ka tsaya tunanin ko dutse ne.

Malamin Fotlan (Oregon):
Ina neman afuwar manya, amma ina da ja a kan yadda maganar take tafiya. Duk abin da aka faɗa game da karanta ruwa gaskiya ne a nan yamma ma, sai dai ba na son ƙaninmu ya ɗauka cewa ƙwai a ƙarƙashin ɗan gora shi ne kaɗai hanya, ko kuma yawan kifin da aka kama shi ne ma'aunin gwaninta. A kogunan Deschutes da North Umpqua da yawancin kogunan Skeena a Kanada, abin da mutane da yawa suke yi shi ne jefa ƙugiya mai gashin tsuntsu da doguwar fatsa ta hannu biyu, irin wadda ta samo asali daga kogin Spey na Sukotlan. Kana jefawa tsallaken ruwa a karkace zuwa ƙasa, ka gyara zaren sau ɗaya, ka bar ruwa ya ɗauko ƙugiyar a hankali ta ratsa kogin har ta tsaya a ƙasanka, sannan ka yi taku biyu ko uku gaba ka sake jefawa. Da haka kake share gurbin gaba ɗaya, babu kifin da ƙugiyar ba ta gifta gabansa ba, kuma wanda ya ɗauka shi ne ya taso da kansa ya kawo hari. A wannan hanya ba a fizga, ana jira sai nauyin kifin ya zauna a hannu sannan a ɗaga fatsa zuwa gefen gaɓa.

Akwai ladabin da ke tare da ita, kuma ina ganin ya dace a kowane kogi: idan ka tarar da mutum yana su yana gangarowa, ka shiga ta bayansa, can saman gurbin, kada ka shiga ta gabansa ka tare masa ruwan da bai kai ba.

Dalilin da ya sa nake nacewa shi ne halin da kifin yake ciki a gidansa na asali. Tun 1997 gwamnatin Amurka ta fara saka sitilhed na koguna da dama a jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ciki har da na kogin Snake da na saman kogin Kolombiya. Tun 1938 ake ƙirga kifin da ke wuce madatsar Bonneville da ke kan kogin Kolombiya, kuma a 2021 adadin ya yi ƙasa ƙwarai har aka rufe kamun sitilhed a Deschutes. Kifin da ya haɗiye ƙwai har cikin maƙogwaro, ko ka sake shi, da wuya ya rayu.

Maman Sadik (Erie, Fensilbaniya):
Malam, maganarku abar dubawa ce, amma Deschutes dabam, Elk da Walnut dabam. Rafuffukanmu a wurare da yawa mutum yana iya jefa dutse ya tsallake su, gurabun kuma tsagogi ne a cikin shimfiɗaɗɗen dutse, wasu faɗinsu bai wuce tabarma ba. Babu filin da ƙugiya za ta yi irin wannan doguwar ratsawa, kuma a ƙarshen mako mutane kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, babu mai yin taku biyu gaba. Wanda ya zo da dabarar babban kogi zai koma gida da sanyi kawai.

Abin da ke aiki a ƙananan ruwaye idan sun yi garau shi ne rage komai. Zare ya koma mai ɗaukar laba 4 zuwa 6, ƙugiya ta zama ƙarama, koto ya zama ƙwai guda ɗaya ko ƙwayar roba mai kamarsa, launin kuma ya zama kodaɗɗe, domin mai haske sosai na ruwan laka ne. Mutum ya sa tufafi masu duhu, ya tako a hankali ta bayan kifin tunda kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, kada inuwarsa ta faɗa kan gurbin, kuma in da hali kada ya shiga ruwan sam. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa ya fi ƙugiyoyi ɗari amfani, domin da shi za ka ga tsagar da ke da duhu, da kifin da ke cikinta. Kuma ka riga mutane zuwa. Kifin da ya kwana babu wanda ya dame shi yakan ɗauka a jifan farko bayan sallar asuba, zuwa hantsi kuwa ya ga ƙugiyoyi da yawa ya rufe bakinsa. Ƙanina Ɗan Yauri, idan za ka zo wajenmu ka sani cewa bayan lasin jihar akwai izini na musamman na Tafkin Erie da rafuffukansa.

Alhaji Mai Fatsa (Mishigan):
Ku biyun kuna da gaskiya a kogunanku, amma akwai abin da yake yanke hukunci tsakaninku fiye da girman kogi, wato sanyin ruwan. Ku riƙa ɗaukar ma'aunin zafi a aljihu. Idan ruwa yana tsakanin digiri 45 da 55 a ma'aunin Faranhait, kifin yana da kuzari, yana tsayawa a ruwa mai gudu, kuma zai bi ƙugiyar Malam ko ƙarfe mai juyawa ko mai siffar cokali daga nesa. Da zarar ya sauka ƙasa da 40, wato kimanin digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, sai ya koma gurbi mai zurfi inda ruwa yake tafiya da ƙyar, kuma ba ya motsawa sai abin ya zo dab da hancinsa. A nan ɗan gora ba shi da abokin takara. Shawarar sammako ma tana juyewa a tsakiyar hunturu, domin da safe ruwa yana ɗauke da ɓarɓashin ƙanƙara, zare yana daskarewa a zoben fatsa, kifin kuma sai bayan azahar yake farfaɗowa idan rana ta ɗaga zafin ruwan da digiri ɗaya ko biyu.

A kan damuwar Malam game da haɗiye ƙugiya, a nan Mishigan abin ya shafe mu, domin koguna irin su Pere Marquette da Little Manistee kifinsu a cikinsu yake haihuwa, har ma akwai yankin Pere Marquette da doka ta keɓe wa ƙugiyar gashin tsuntsu kaɗai, kuma duk abin da aka kama sai an sake shi. Abin da na koma yi shi ne ƙwayar roba da ake tsayarwa a kan zare kimanin inci 2 sama da ƙugiya. Kifin yana ɗaukar ƙwayar, ƙugiyar kuma tana kama gefen baki, ba ta shiga ciki. A watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da salmon yake saka ƙwai, sitilhed yakan jeru a ƙasansa yana tsintar ƙwan da ruwa ya kwaso, kuma a lokacin babu abin da ya fi wannan ƙwaya.

Ɗana, tunda daga Yauri kake, ka san mamari, wanda ƙugiyoyinsa ba su da koto, suna kama kifi ta ko'ina a jiki. A nan sagale kifi ta baya ko ta wutsiya laifi ne. Idan hakan ta faru ba da niyya ba, sai ka sake shi nan take.

Malamin Fotlan (Oregon):
Na karɓi gyaran Hajiya game da ƙananan rafuffuka, kuma ƙwayar roba da Alhaji ya ambata ta rage mini damuwa. Abin da ba zan janye ba shi ne yadda ake riƙe kifin da za a saki. A wajenmu kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo ana yanke masa ɗan fiffiken naman da ke bayansa kusa da wutsiya tun yana ƙarami, shi ne ake iya tafiya da shi gida inda doka ta yarda, wanda fiffikensa yake nan kuwa haifaffen kogi ne. A jihar Washinton doka ta hana fitar da irin wannan kifi daga ruwa gaba ɗaya, a Biritish Kolombiya kuma ƙugiya guda maras ƙaya ake amfani da ita a rafuffuka. Ko babu doka, ka danne ƙayar ƙugiyarka da filaya, ka yi amfani da homa mai ragar roba, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, kada ka sa yatsa a cikin jajayen kunnuwan da yake numfashi da su, kada kuma ka ja shi kan duwatsu yana bugun kansa. Ka riƙe shi a ruwa yana fuskantar gudun ruwan har sai ya fizge da kansa. Idan zafin ruwa ya kai digiri 68 a ma'aunin Faranhait, kamar yadda yake faruwa da kifin da ke shigowa da bazara, gara a naɗe fatsa, domin wahalar kokawar kaɗai tana kashe shi.

Baban Hauwa (Ohayo):
Domin kada Ɗan Yauri ya ruɗe, dokar yanke fiffike ba ita ke aiki a Ohayo ba. Kogunanmu suna yin zafi da bazara, ƙananan kifin ba sa rayuwa sosai a cikinsu, saboda haka jihar ce take renon su a gidan kiwo na Castalia tana zuba dubban ɗaruruwa kowace shekara. Wanda ya ɗauki ɗaya ko biyu ya kai wa iyalinsa bisa adadin da littafin dokokin bana ya ƙayyade bai cuci kowa ba, kuma sabon shigowa mai farin jiki kamar azurfa shi ne mai daɗin nama, wanda ya daɗe a kogi ya yi duhu gara a bar shi. Sannan ka kiyaye gonar mutane, domin a Ohayo mai fili shi ne mai ƙasan kogin da ya ratsa filinsa, taka shi ba izini shiga haƙƙi ne. Sa'arka ita ce yawancin Rocky yana cikin wurin shaƙatawar jama'a. Ka ɗaure bel a kan wandon robarka domin kada ruwa ya cika shi idan ka zame, ka sa takalmi mai ƙusoshi, domin dutsen nan santsi gare shi.

Ɗan Yauri (Kilibilan, Ohayo):
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura abu ɗaya. Na ga kifin yana tsalle yana tsinke zaren mutane, kuma zaren da kuka ambata siriri ne ƙwarai idan aka kwatanta da girmansa. Yaya ake kawo shi hannu?

Maman Sadik (Erie, Fensilbaniya):
Tsawon fatsar da laushinta su ne suke kare siririn zare, shi ya sa ake sayen mai ƙafa 10 zuwa 13. Kafin ka fara jifa ka sassauta birkin faifan zaren yadda za ka iya jawo shi da hannu ba tare da wahala ba. Gudun farko ka bar shi ya yi abinsa, kada ka taɓa faifan, yawancin zaren da ke tsinkewa a wannan lokacin ne. Idan ya yi tsalle ka sunkuyar da kan fatsar wajensa domin zaren ya yi sako-sako. Bayan ya lafa, ka kwantar da fatsar gefe kusa da ruwa maimakon ɗaga ta sama, ka riƙa juya kansa zuwa gaɓa, kuma ka yi ƙoƙari ka kasance a ƙasansa ko daura da shi domin ya yi faɗa da kai da gudun ruwa a lokaci guda. Idan ya nufi gangare kada ka tsaya ja-in-ja da shi, ka fito gaɓa ka bi shi, ka ɗaga murya ka sanar da na ƙasanka su janye zarensu. Homa kuwa ta kai ake shigar da shi, sai ka ga ya kwanta a gefensa tukuna. Bayan kowane kifi ka shafa zaren da yatsa, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ƙulli.

Alhaji Mai Fatsa (Mishigan):
Ƙari ɗaya saboda watannin Maris da Afrilu da ke tafe. Za ka ga kifaye a ruwa maras zurfi a kan tsakuwa, macen tana kwanciya gefe tana share wurin da wutsiyarta, mazan suna bayanta. Waɗannan ka wuce su, kuma idan za ka tsallake kogi ka kauce wa duk inda tsakuwa ta yi fari fiye da ta kewayenta, domin ƙwai ne a binne a ƙasa. Ka jefa ƙugiyarka a gurbi mai duhu na farko da ke ƙasan wannan tsakuwa, a can sababbin shigowa suke jira, tare da waɗanda suka gama suna komawa tafki da yunwa. Hasashen yanayi ya nuna ruwan sama a yankinku tsakiyar makon nan, saboda haka ka fara duba ma'aunin Rocky daga ranar Alhamis.